Wa Ya Ce Ɗan Jami'a Ba Ya Zufa?

Mai karatu, kafin mu shiga magana ina so ka yi mani wani ɗan lissafi. Tun daga Turmin Danya a 1990 har zuwa finafinai masu dogon zango da ake ɗorawa a YouTube, finafinan Hausa nawa ka kalla da aka nuna jami'a a cikinsu? Na san ba za su ƙirgu ba. To, a cikinsu sau nawa ka ga ɗalibi yana zufa? Ba zufar ganin uban budurwa nake nufi ba. Zufar gudu, zufar tsalle, zufar wanda ya fito daga filin wasa ƙafa duk ƙura. In ka samu biyar, don Allah ka aiko wa mujallar nan da sunayensu.

Ɗan jami'a a fim ɗinmu ai kowa ya san shi. Zai faka mota a gindin bishiya, ya fito da baƙin gilashi, ya riƙe littafi ƙwaya ɗaya wanda har fim ya ƙare ba zai buɗe ba. Yarinya za ta gifta, littattafanta su zube, ya taya ta tsincewa, su haɗa ido. Daga nan sai lambu, sai fulawa, sai waƙa. Marubutan littattafai ma ba a bar su a baya ba: shafi 300 a kan ɗaliba 'yar aji uku, amma abin da muka sani game da makarantar shi ne kalar motar saurayinta da irin turaren da yake fesawa.

Abin da na zo faɗa yau ɗaya ne, kuma ba zan ɓoye shi a cikin zani ba. Jami'o'inmu na wannan yanki suna zaune a tsakiyar mutanen da Allah ya hore wa ƙarfi da gudu da iyo da kokawa, amma idan aka zo ƙirga lambobin yabo a gasar jami'o'i ta ƙasa, sunayen da ake kira a sama na wasu ne. Laifin na hukumomin makarantu ne da gwamnatoci, babu musu. Amma 'yan fim da marubuta suna da kaso mai tsoka a ciki, domin su ne suka zana wa talaka hoton jami'a, kuma suka goge filin wasa daga cikin hoton.

Bari mu fara da abin da ake nufi in an ce jami'a ta yi shekara mai kyau a wasanni, don na lura da yawanmu ƙwallon ƙafa kaɗai muka ɗauka wasa.

A Nijeriya akwai gasar wasannin jami'o'i da ake kira NUGA, wadda aka fara a Jami'ar Ibadan a 1966. A can ake tara ɗalibai daga ko'ina cikin ƙasar nan su fafata a guje-guje da tsalle-tsalle, iyo, ƙwallon ƙafa, ƙwallon kwando, ƙwallon hannu, ƙwallon raga, ƙwallon tebur, badminton, judo, taikwando, hoki, kurket, har da darar Turawa. In an gama, sai a jera makarantu bisa yawan lambobin zinare da kowacce ta samu. A gasar 2014 a Ile-Ife, da ta 2017 a Makurɗi, da ta 2022 a Legas, Jami'ar Fatakwal ce ta zo ta ɗaya. Sau uku a jere, a garuruwa uku daban-daban. Wannan ba sa'a ba ce, ba kuma laya ba ce.

Ga sirrin, kuma lissafi ne da ɗan firamare zai gane. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa tana cin mutum 11 a fili, ban da 'yan benci da masu horarwa. Ka ciyar da su, ka yi masu riguna, ka ɗauki bas ka kai su. In sun ci duk wasanninsu har ƙarshe, lambar zinare nawa za a rubuta wa makarantarsu a jadawali? Ɗaya tak. Shi kuwa mai iyo guda ɗaya zai shiga tseren mita 50, ya shiga na 100, ya shiga na 200, ya yi na rigingine, ya yi irin na kwaɗo, ya shiga na miƙa-wa-ɗan'uwanka, kuma kowane tsere da lambarsa. Ka tuna Michael Phelps na Amurka, wanda shi kaɗai ya kwashi zinare 8 a gasar Olamfik ta Beijing a 2008? To haka abin yake. Judo da taikwando kuma kowane rukunin nauyi da lambarsa, na maza daban, na mata daban. Saboda haka makarantar da take son ta zo ta ɗaya ba ta zuba duk ƙwanta a kwandon ƙwallon ƙafa. Tana baza komarta ne a wasanni da yawa. Fatakwal ƙasar ruwa ce, ta karɓi baƙuncin gasar a 2004, tana da wurin iyo na gasa, sai ta mayar da ruwa zinare.

A Amurka ma, inda harkar ta fi ko'ina ƙarfi, akwai wani kofi da ake kira Kofin Daraktoci, wanda ba a ba makaranta don ta ci wasa ɗaya. Ana tara maki ne daga wasanni iri-iri na maza da mata a cikin shekara guda. Jami'ar Stanford ta ɗauke shi sau 25 a jere, daga 1995 zuwa 2019, kafin Jami'ar Texas ta karɓe a 2021. A gasar Olamfik ta Paris a 2024, ɗalibai da tsofaffin ɗaliban Stanford sun samo lambobi sama da 30. Nijeriya, ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, ta dawo hannu rabbana, ko tagulla ɗaya babu. Makaranta ɗaya fa, mai karatu! Ita kuma Tobi Amusan, wadda ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge na mita 100 da daƙiƙa 12.12 a 2022, a Ijebu-Ode ta tashi, amma Jami'ar Texas da ke El Paso ce ta goge ta. Mu muka haifa, wasu suka raina, don makarantunsu sun san darajar ƙafa kamar yadda suka san darajar ƙwaƙwalwa.

Na san wani zai ce, "Kai malam, wannan ai Amurka ce da Kudu. Mu nan Arewa ba mu gaji haka ba." Wanda duk ya faɗi haka bai san Zariya ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta sha karɓar baƙuncin NUGA, ciki har da ta 2001. Kano da Maiduguri ma sun karɓa. A filin ƙwallon kwando na Samaru, wani Ba'amurke mai suna Oliver Johnson, wanda kowa ya fi sani da OBJ, ya shafe shekaru masu yawa yana horar da yara, 'yan jami'a da 'yan gari. Cikin yaran da suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya zama shugaban ƙungiyar Toronto Raptors, har ta ci kofin NBA a 2019. Fili ɗaya, mai horarwa ɗaya da bai gaji ba, ga inda abin ya kai. Sakkwato kuwa ta daɗe da yin suna a ƙwallon hannu na yara. Ashe ba jininmu ne ya ƙi wasa ba.

Yanzu mu dawo gida. A 2013 gwamnatin tarayya ta kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, tare da ta Gusau da ta Gashuwa, kuma tana nan a ƙasar Kalgo, kan hanyar Bunza. Akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero tun 2006. Akwai Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, da Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie a Argungu, da jami'ar aikin gona a Zuru. Makarantu ba su yi mana kaɗan ba. To wa ke zagaye da su?

Ka shiga ƙauyukan ƙasar Kalgo, irin su Wurogauri, ka dubi samarin wurin. Yaron da ke bin shanu tun hantsi har faɗuwar rana, a ƙasa, cikin zafin bazara, da ɗan goran ruwa a kafaɗa, me ya rage masa na mai gudun dogon zango ban da takalmi da mai riƙe masa agogo? Wanda ke wuni cikin fadama yana yankan shinkafa, ya ɗauki buhu ya aza a amalanke shi kaɗai, me zai hana shi jefa dalma ko mashi? Ka gangara Argungu lokacin bikin kamun kifi, bikin da ya samo asali tun ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wanda hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016. Kafin a faɗa Matan Fada da koma da gora, akwai ranar kabanci: tseren kwale-kwale, nutso, iyo, kamun agwagwa da hannu. Ka je Yawuri ka ga rigata a kan kogin Kwara. Yaran nan a ruwa suka buɗe ido. Na yarda iyon gulbi daban yake da iyon gasa, akwai ƙa'idar numfashi da ta juyawa a bango da sai an koya. Amma wa ya fi sauƙin koyarwa, wanda ya saba nutso tun yana shekara biyar ko wanda ke tsoron ruwan bokiti?

Kokawa fa? Tsallaka iyaka ta Kamba ka shiga Dosso, ƙasar Issaka Issaka, wanda ya ɗauki takobin kokawar Nijar fiye da kowane ɗan kokawa tun da aka fara gasar a Tawa a 1975. Mutanenmu ɗaya, tuwonmu ɗaya, kiɗan da ake yi masu shi ake yi wa namu bayan kaka. Ɗan kokawar da ya san yadda ake karanta ƙafar abokin karawa, ya san lokacin sa ƙafa da lokacin ɗauka, ya riga ya yi rabin karatun judo. Nijar ɗin nan da muke gani, Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya kawo mata azurfa a taikwando daga Rio a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017. Dambe da kokawa da langa kuwa har a Bikin Wasanni na Ƙasa ana ba da lambobi a kansu. Kai, ko ƙwallon yashi da aka shigo mana da shi jiya-jiya, sai da ƙungiyoyin Kebbi suka yi suna a cikinsa.

Wato dai ga gona, ga iri, ga ruwa, amma babu manomi. Me ya sa?

Dalili na farko shi ne mafi ciwo. Yawancin yaran da na lissafa ba su isa ƙofar jami'a. Wasu ko firamare ba su gama ba. Jiharmu na cikin waɗanda ake ambata duk lokacin da aka tashi maganar yaran da ba sa zuwa makaranta. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce ma hujjata. Yaron da aji bai burge shi ba, fili zai iya riƙe shi. In ya san cewa ƙarfinsa zai iya sama masa gurbi da tallafin karatu, da sharaɗin sai ya ci jarrabawa, to ka ba shi dalilin zama a benci wanda bulala ba ta ba shi ba. Haka dubban 'ya'yan talakawa suka yi digiri a Amurka. Amma yaron Wurogauri ta ina zai san akwai wannan hanya? Bai taɓa shiga jami'a ba. Babansa bai taɓa shiga ba. Jami'ar da suka sani ita ce wadda suka gani a wayar hannu, a fim. Kuma fim ya gaya masu cewa jami'a wurin 'ya'yan masu mota ne da ke zuwa neman aure. Uban da ya ga haka, don me zai sayar da ɗan maraƙinsa ya tura yaro? Balle 'ya mace?

A nan ne nake da rigima da 'yan'uwana na industiri. Shekara da shekaru ana zarginmu da kwaikwayon Indiya, mu kuma muna kare kanmu. To tunda kwaikwayon za a yi, don me muka tsaya a rawa cikin ruwan sama? Indiyawan nan su suka yi Lagaan a 2001, fim ɗin da ƙauyawa suka kara da Turawan mulkin mallaka a wasan kurket a kan haraji, ya kai har jerin ƙarshe na Oscar. Su suka yi Chak De! India a 2007, inda Shah Rukh Khan, sarkin soyayya da kansa, ya ajiye fulawa ya ɗauki usur yana horar da 'yan mata wasan hoki. Su suka yi Bhaag Milkha Bhaag a 2013 a kan ɗan tsere Milkha Singh. Su suka yi Dangal a 2016, labarin wani uba a ƙauyen Haryana da ya koya wa 'ya'yansa mata kokawa, har babbar, Geeta Phogat, ta ci zinare a gasar ƙasashe rainon Ingila a 2010. Dangal na cikin finafinan Indiya da suka fi kowanne kawo kuɗi a tarihi. Duk mun kalle su, wasu ma da fassarar Hausa, mun yi tafi, mun yi hawaye. Da muka tashi ɗauka sai muka ɗauko gyale da kaɗa kafaɗa, muka bar masu zufar.

Furodusa zai ce mani, "Ba ya sayuwa." Wa ya gaya maka? Da aka yi Karen Bana, fim ɗin dambe na su Adam A. Zango, ba a yi ta maganarsa a majalisu ba? Ka je gidan dambe ranar da manya za su haɗu ka ga ko za ka samu wurin tsayawa. Ka dubi gidajen kallon ƙwallo a Birnin Kebbi da Jega ranar da Real Madrid za ta kara da Barcelona. Ka tuna cewa tun kafin a haifi yawancinmu, Ɗan Anace ya mayar da Shago gwarzon da har yau yara ke ambato, da baki da kalangu kawai, babu kyamara. Mutanen da ke biyan kuɗi su kalli gasa kullum, su ne kake cewa ba za su kalli fim ɗin gasa ba?

Kuma ni a matsayina na mai sharhin fim, ban san wani abu da ke ba marubuci labari a ɓagas kamar gasa ba. Babbar cutar finafinanmu ita ce rashin abin da jarumi yake nema da gaske, shi ya sa ake cike gurbi da waƙa da doguwar hira a falo. A labarin wasa komai a shirye yake: ga buri, ga abokin hamayya, ga ranar da aka tsayar, ga agogo na tafiya, ga faɗuwa, ga tashi. Ka ɗauki yaro ɗan Fulani mai gudu wanda babansa ke son ya koma ga shanu, malamin wasanni kuma na son ya kai shi gasa, ranar tseren ta faɗo daidai da ranar jarrabawa. Ka ɗauki ɗiyar masunci da ta fi duk mazan unguwarsu iyo, amma babu wanda zai yarda ta shiga ruwa a gaban jama'a. In soyayyar ce ba ka iya rabuwa da ita, saka ta, ai ɗan wasa ma yana da zuciya. Lokeshin kuwa kyauta ne: ga filin wasa na Haliru Abdu, ga gulbi, ga fadama, ga filin makaranta. Ya fi arha a kan hayar gidan wani Alhaji mai kujeru masu ruwan gwal.

Dalili na biyu shi ne raini. Har yanzu akwai dattijon da zai dube ka ya ce, "Mi ar ribar gudu? Karatu munka aike ka." Akwai malamin jami'a da ke kallon ɗan wasa a matsayin daƙiƙin aji. Su je su tambayi tarihin Adokiye Amiesimaka, wanda ya karanta shari'a a Jami'ar Legas, ya ci kofin Afirka da Green Eagles a 1980, daga baya ya zama kwamishinan shari'a na Jihar Ribas. Abokin wasansa Segun Odegbami injiniya ne daga kwalejin fasaha ta Ibadan. Enefiok Udo-Obong, wanda ya riƙe sandar ƙarshe a tseren mita 400 na mutum huɗu a Sidni a 2000, tseren da daga baya aka mayar wa Nijeriya da lambarsa zinare, Jami'ar Kalaba ce ta yaye shi. Wanne daga cikinsu gudu ya hana karatu? Abin da ke hana ɗalibi karatu mun san shi: zaman banza, ƙwaya, maganin tari, da kwana a kan waya. Saurayin da zai tashi atisaye bayan sallar asuba ba ya da lokacin waɗannan.

Wani kuma zai fake da addini. A ƙasar Gwandu, ƙasar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wannan hujja ba ta da wurin zama. Malaman da suka kafa daular nan marubuta ne, kuma mahaya ne, maharba ne, masu tafiyar kwanaki a ƙasa. Ɗalibin ilmi ya san Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi, ya kuma yi tsere da Nana A'isha. Ya san umarnin da ake dangantawa ga Sayyidina Umar na a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Abin da addini ya hana shi ne tsiraici da caca da barin salla, kuma duk ana iya wasa ba tare da su ba.

Wannan ya kawo mu ga 'yan mata, kuma ke 'yar'uwa mai karatu da ke nake. Kusan rabin lambobin da ake rabawa a irin wannan gasa na mata ne. Makarantar da ta bar ɗalibanta mata a ɗakin kwana ta zubar da rabin jarrabawa tun kafin a raba takarda. Maganar sutura kuwa an wuce wurin: hukumar FIFA ta halatta wasa da ɗankwali a 2014, ta ƙwallon kwando ta bi sahu a 2017, Ibtihaj Muhammad ta Amurka kuma da hijabinta ta ci tagulla a wasan takobi a Rio a 2016. Ƙwallon tebur, badminton, taikwando, dara, wanne ne ba a iya yi da cikakkiyar sutura, a zauren da mata ke horar da mata? Jarumarmu ta fim tana iya tsalle da juyi na minti bakwai a waƙa, an ce nishaɗi ne. In ta riƙe sandar badminton kuma sai a ce tarbiyya ta lalace? Haba jama'a!

Dalili na uku shi ne halin da jami'o'in kansu ke ciki, kuma ba zan yi kamar ban gani ba. Gasar da ya kamata a riƙa yi duk bayan shekara biyu, daga 2017 ba a sake yin ta ba sai 2022. Ita ma ta 2022 ɗin a watan Maris aka yi ta, ana tsakiyar yajin aikin malaman jami'a wanda ya ci wata takwas. Ga matsalar tsaro da ta sa tafiya a wasu hanyoyinmu ta zama sai da addu'a. Ga makarantun da ko ɗakin gwaje-gwaje bai ishe su ba. Duk na yarda. Amma ba a ce a gina katafaren filin wasa gobe ba. Gudun dogon zango hanya yake so da takalmi. Judo tabarma yake so da ɗaki. Ƙwallon hannu da na raga fili ne da raga. Ɗalibai a jami'o'in ƙasar nan suna biyan kuɗin wasanni cikin kuɗin rajista, to ƙungiyoyin ɗalibai su riƙa tambaya a buga masu lissafin inda kuɗin ya shiga. Akwai tsohuwar al'adar barin yammacin Laraba babu lacca don wasanni, a dawo da ita, a hana malami cusa gwaji a lokacin. A zaɓi wasanni huɗu ko biyar da suka dace da mutanenmu, a ɗauko mai horarwa na gaske a kowanne, a riƙa aika shi gasar makarantun sakandare da filayen kokawa da bikin Argungu da littafi a hannu yana rubuta sunaye. Wurin iyo guda ɗaya na mita 50, wanda jiha da makarantun za su yi tarayya a kansa, bai fi ƙarfin jihar da ke kiran kanta gidan bikin ruwa mafi girma a ƙasar nan ba.

Gargaɗi ɗaya: kada a bi gajeriyar hanya. An sha kuka a gasar jami'o'i kan makarantun da ke ɗauko 'yan haya, a yi masu katin ɗalibi na mako biyu, su ci lamba, su kama gabansu. Wannan ba nasara ba ce, satar amsa ce da gajeren wando. Lambar da za ta amfane mu ita ce wadda ɗan Kalgo ko ɗiyar Gwandu za su rataya, su kuma fito da takardar digiri a ɗaya hannun. Jami'ar da aka kafa a 2013 yarinya ce, yanzu ne take zaɓen halin da za ta girma da shi, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba a fafe gora ranar tafiya: wanda ke son a kira sunansa a gasar da za a yi nan da shekara shida, yau zai fara neman yaran da ke aji ɗaya na sakandare.

Saura kai, mai karatu, don kai ne mai kasuwar. Furodusa ba ya jin wa'azi, amma yana jin ƙarar kuɗi, yana kuma ƙirga masu kallo. Marubuciya tana karanta saƙonnin da kuke aika mata. Ku gaya masu kun gaji da ɗalibin da ba ya karatu, ba ya wasa, ba ya komai sai jingina da mota. Ku nemi a ba ku jarumin da zai faɗi a fili ya tashi, jarumar da za ta ci kofi mahaifinta na cikin 'yan kallo yana share hawaye da bakin rawani. In aka yi irin wannan fim, ku kalle shi ta halastacciyar hanya, ku kai shi ƙauye a nuna wa iyaye. In kuma kana da ƙane da ya fi kowa gudu a unguwa, kada ka ce masa ɗan iska. Saya masa takalmi, ka kuma duba littafinsa na makaranta kowace Juma'a.

'Yan fim suna yawan cewa su madubin al'umma ne, wasu ma su ce malamai ne masu faɗakarwa. Madalla. To madubin ya daɗe yana kallon lambu. A ɗan juya shi ya kalli fili.